Injin da Mukhtaru Ya Sayar

Mukhtaru mai shagon darduma ne a titin Mansur da ke Makka. Yana zaune a unguwar Jarwal tare da matarsa Tahani, da 'yarsu Nuha mai shekara goma sha ɗaya, da mahaifiyarsa Hajiya Batulu. Gida ne mai zaman lafiya, ci da sha ba su taɓa gagarar su ba. Abu ɗaya suka rasa. A hawa na huɗu suke, ginin kuma matakala kawai gare shi. Gwiwoyin Hajiya sun gaji, sai ta yi wata guda ba ta sauka ba, tana jin kiran sallar Harami ta taga.

Marigayi mahaifin Mukhtaru ya shekara talatin yana tuƙa wani attajiri. Da zai ajiye aiki, attajirin ya ba shi kyautar wata 'yar koriyar mota ƙirar Jamus, mai ƙofa biyu, injinta a baya, irin masu gudun nan na shekarun saba'in. Tun rasuwarsa tana lulluɓe da tamfol a garejin maƙwabcinsu Baba Sabitu, tsohon bakanike ɗan Kano.

Wata rana Hajiya ta ce, “Mukhtaru, sayar da motar nan ka nema mana gida a hawan ƙasa. Ina son in riƙa zuwa Harami da ƙafata.”

Ya je ya yaye tamfol. Fenti ya koɗe, fatar kujeru ta tsage, inji yana ɗigar mai. Baba Sabitu ya ce, “Baban Nuha, kada ka taɓa ko ƙusa ɗaya. Akwai masu sanin irin waɗannan motoci a Jidda. Kira ɗaya ya duba ta, ya faɗa maka darajarta tukuna.”

Mukhtaru ya yi dariya. “Haba Baba, in biya mutum don ya leƙa kawai? Shekara ashirin ina kasuwa. Dardumar da ke ƙyalli ita ake ɗauka.”

“Wannan ba darduma ba ce, ɗana.”

Bai saurara ba. Ya kai ta wani wurin gyara a bayan gari. Aka kankare koren, aka fesa mata ja. Aka cire kujerun, aka sa sababbi. Mai wurin ya ce tsohon injin ya gama aiki, zai sa masa wani mai lafiya, shi kuma ya karɓi tsohon a kuɗin ƙarfe. Mukhtaru har godiya ya yi masa. Tarkacen takardun da ke cikin motar kuwa, kwandon shara ya zuba su. Nuha ce ta tsamo wani ɗan littafi mai baƙin bango, don ta ga rubutun kakanta a ciki.

Motar ta dawo tana walƙiya. Tahani ta yi guɗa, Hajiya ta sa albarka daga taga.

Bayan mako biyu wani mai saye ya turo masaninsa, wani dattijo mai suna Mish'al. Ya iso bayan la'asar, ya zagaya motar sau ɗaya. Ya buɗe baya, ya haska inji da tocila, ya karanta lambar da ke jikinsa, ya gwada da ta jikin motar. Sai ya miƙe a hankali.

“Ya akhi, ɗan'uwana, ina injinta na asali?”

“Na canza shi. Wannan ya fi lafiya.”

“Fentin fa? Kujerun fa?”

“Duk sababbi ne,” in ji Mukhtaru, yana murmushi.

Mish'al ya kashe tocilarsa. “Masu sayen irin wannan mota ba sabo suke nema ba. Abin da ya fito da ita daga masana'anta suke saye, ko da ya koɗe, ko da yana ɗigar mai. Da ka bar ta yadda ka same ta, da ta saya maka gidan da kake so. Yanzu ko kashi ɗaya cikin uku ba za ta kai ba.”

Mukhtaru ya jingina da bango. Nuha ta matso, ta miƙa wa baƙon littafin. Ya buɗe, ya ga kowane juyen mai da kowane gyara da kakanta ya rubuta da kwanan watansa, ga lambar tsohon injin a shafin farko.

“Masha Allah. Yarinya, wannan kaɗai ya rage na asali. Zai ɗan ɗaga farashin.”

Washegari Mukhtaru ya koma wurin gyaran. Aka ce injin ya daɗe da tafiya, wani ya saye shi a ranar da aka sauke shi, ba a san inda ya nufa ba.

An sayar da motar, kuɗin bai kai na gida ba. Hajiya ba ta yi faɗa ba. “Allah ya sa haka ya fi alheri,” kawai ta ce. Har yau suna hawa na huɗu. Duk daren Alhamis Mukhtaru yakan rufe shago da wuri, da safiyar Juma'a ya riƙe hannun mahaifiyarsa, su sauka matakala ɗaya bayan ɗaya don zuwa Harami, Nuha na gaba da kujerar da Hajiya ke hutawa a kai a kowane hawa. Suna hira, wani lokaci har da dariya.

Masu karatu, sanin sana'a ɗaya ba sanin kowace sana'a ba ne. Kafin ku gyara ko ku sayar da tsohon abin da kuka gada, ku kai shi gaban wanda ya san shi. Nuha ta gane wannan tun tana ƙarama: da babanta ya tambaya kafin ya gyara, da kakarta ta daina hawan bene.