Zoben Kumandan

"Ba ka fita maƙerar nan sai ka narkar da ƙarfen nan ka yi mani zobe," in ji kumandan Mayahi. Ya aje soja bakin ƙofa.

Mumuni maƙeri ya jinjina ƙarfen: ɗan mitsitsi, ga nauyin tsiya. Wai iridiyom sunansa. Aka kulle Mumuni da matarsa da 'ya'yansa, suna ta zuga. Gawayi ya yi ta ƙarewa, ƙarfe ko gezau.

Kullum in sojan ya kawo masu tuwo sai ya ce, "Haƙuri, Baba. Ranar da ya narke za a sake ku."

Mumuni ya leƙa waje. Fari ya sa maƙwabta jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci su ci. Ya ɗaga hannu a ɓoye: "Allah, ka ƙara wa ƙarfen nan taurin kai."