Muryar Malam Haladu

Tun da 'yar kunne mai fassara ta shigo Nguru, ajin yamma na Malam Haladu ya watse. Shekaru ya yi yana koyar da Barbarci da Hausa kyauta a zaurensa. Da masu haɗa na'urar suka zo neman muryar da za ta riƙa faɗin fassarar, ya ba da tasa saboda Allah, a ganinsa taimakon jama'a ne. Yanzu ko kasuwa ya shiga, sai ya jiyo kansa yana ciniki a kunnuwan mutane.

Ran Talata ya je ta'aziyya wajen Yakura, ɗalibarsa da ta tashi a Kano hannun dangin uba, ta kuma bar aji kafin ta iya harshen mahaifiyarta.

Ya zauna bakin tabarma ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Iya."

Yakura ta kawar da kai. "Malam, don Allah ka yi shiru."

"Lafiya, 'yata?"

"Da Barbarci Iya ta yi min wasiyya. Na saka 'yar kunne don kada komai ya wuce ni. Ta ce ta yafe min, ta ce in riƙe ƙannena. Duk na ji, amma da muryarka. Tun jiya nake neman tata a raina, kai nake ji."

Malam ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, sai ya rufe. Ya yi addu'arsa a zuci, ya nemi takalmansa.

Yana fita wasu baƙi suka shiga suna gaisuwa da Barbarci, ya jiyo muryarsa a bayansa daga 'yar kunnen Yakura tana cewa, "Ya haƙuri?"