Akwatin Mayafin Inna

Ni na huda akwatin da Baba yake ajiye mayafin Inna bayan rasuwarta. Ba ya buɗe shi sai ran Juma'a, ya shaƙi ƙamshin turarenta, ya rufe da sauri don kada ya ƙare.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba na ga jita, garayar Turawa, a hannun wani direba a kasuwar Makarfi, na ce sai na yi tawa. Na rataye mayafin a kan danga cikin rana, na huda murfin da wuƙa, na ɗaura waya uku, na cusa mazurarin kananzir a gefe don sauti ya ƙaru.

Da la'asar Baba ya dawo daga gonar rake. Na sunkuyar da kai ina jiran duka. Sai ya durƙusa, ya kai hancinsa bakin hudar, ya daɗe.

"Kananzir," ya ce. Can kuma ya ce, "To kaɗa mana, ɗan nan, tunda an riga an huda."

Na kaɗa, ya saurara har ƙarshe. Har ya rasu ban iya cewa ya yafe mini ba.