Tafiyar Malama

Sai da ta miƙa takardar jarrabawa sannan nas ɗin ta tuna da waƙar zambon da ta rubuta a kan malamarta da Hausa a bayan takardar. Malamar Turancin, Ba'amurkiya 'yar asalin Meziko da arzikin fetur ya jawo Riyadh, marubuciyar waƙa ce. In malamar ba ta sa hannu ba, nas ɗin ba ta da sabon kwantiragi.

"Fassara mini," in ji malamar.

Nas ta yi maza ta ce: "Yabo ne, Malama. Na ce tafiyarki cikin abaya sai sarauniya."

"Maƙwabciyata a unguwar Gubaira Bakanuwa ce, na san kalmar agwagwa." Ta zaro jan biro. "Agwagwar ta dace da ni. Baiti na uku ne ke ɗingishi. Zauna mu gyara."