Kambas ɗin Suruki

Ka ce kunya ado ce ga dattijo, ban musa maka ba. Amma saurari wannan misali, don ni har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

An yi wani mai sayar da yadi a wani gari na kan duwatsu, irin garin da in ɗari ya sauka sai an ɗora ruwan alwala a wuta. Mutumin ya ba hamsin baya, ga ciwon sukari, likita ya ce masa in yana son ganin auren jikokinsa to ya riƙa motsa jiki. Ya kuwa karɓi maganar hannu bibbiyu. Kullum aka sallame asuba sai ya bi wasu magidanta su yi sassarfa daga masallaci zuwa gadar bakin gari su dawo, har tumbin ya sauka, har ya zama shi ke jan gaba. Mijin 'yarsa ta fari ya ga haka ya ji daɗi, ya sayo masa takalmin kambas fari sol, ya aiko ta hannun matarsa, tunda suruki ba ya miƙa wa suruki kaya ido da ido. Lamba arba'in da biyu ya sayo, ƙafar dattijo kuwa arba'in da uku ce. Ya cusa ta da ƙyar, yatsu suka dunƙule, ya aika a ce madalla, kamar an auna. Abin da ya ƙara ɗaure shi, shi ma surukin ya shiga cikin masu gudun. Kowace safiya sai ya durƙusa ya gaishe shi, kai a sunkuye yadda tarbiyya ta koya masa, wato idonsa ba shi da wurin sauka sai kan takalmin.

Da sanyi ya kankama, faso ya tsaga wa dattijon diddigen hagu, tsagar ta buɗe ta zama miki. Malamar asibiti ta wanke ta naɗa bandeji, ta ce, "Baba, mai sukari ba ya wasa da ƙafa. Ka huta mako biyu. In kuma hutun ba zai yiwu ba, ka nemi takalmi mai faɗi mai taushin ciki wanda bandeji zai shiga, ko da mummuna ne." Yana da irinsa a ƙarƙashin gado, wani tsoho mai baki kamar na kada. Ya jawo shi ya duba, sai ya tuna durƙuson nan na safe. Me yaron zai ce a ransa? An raina kyautarsa ke nan. In kuma ya zauna a gida, za a zo dubiya, a tambayi dalili, maganar takalmi ta fito. Saboda haka kullum kafin ya fita sai ya warware bandejin ya tura a aljihu, ya zura ƙafar daga ita sai safa, ya ɗaure igiya tam. Sanyi kuma ya rufa masa asiri, rufin asirin mugunta. Ƙafar da ma sukari ya rage mata ji, ɗari ya ƙarasa sauran, sai ga mutum yana dukan kwalta da ɗanyen nama yana raha da abokai. Uwargidansa ce ta ga safa na mannewa da jini da ruwa, ta ce bari ta gaya wa 'yarsu ta shaida wa mijinta. Ya daka mata tsawa: "Ki kuskura! So kike a ce na raina abin hannun yaro?" Ta ja bakinta, ta ci gaba da wanke safa tana shanyawa a bayan ɗaki inda ba mai gani. Shirun nan nata ma ina jin haushinsa.

Bai cika wata ba wari ya tona abin da baki ya ƙi faɗa. Zazzaɓi ya kwantar da shi, diddigen ya yi baƙi, baƙin ya haura idon sawu. Likita ya duba ya ce ko ƙafa ko rai, a zaɓi ɗaya kafin la'asar. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

A bakin ɗakin jinya uwargida ta fashe da kuka ta faɗa wa surukin komai. Ya shiga ya durƙusa a gefen gado, hawaye na zuba, ya ce, "Baba, don Allah me ya sa ba a faɗa mini ba? Mai kantin da kansa ya ce in bai yi daidai ba a mayar ya canza. Layinku ɗaya a kasuwa, rumfa ta huɗu daga taka." Dattijo ya juya fuskarsa bango.

To ka gaya mini wa aka girmama a nan. Yaron da aka yi duk wannan domin kada ransa ya sosu, yanzu yana yawo da cewa kyautarsa ce ta cinye ƙafar uban matarsa, ko ƙofar gidan ba ya iya bi. Dattijon yana zaune a rumfa, wani ke sauko masa da yadi daga kanta. "Ya yi mini kaɗan" kawai aka nema daga bakinsa, ya haɗiye ta yana ganin mutunci ne. Gaskiyar Hausawa da suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.