Alhaji Ba Ya Kallon Basira

Hamisu na tsugune yana duba furen wakensa sai ya ga turaku masu jan fenti an kafa su a tsakiyar kunyoyi.

Gonar jami'a ce, 'yar madaidaiciya, a bayan Gyaɗi-Gyaɗi ta ɓangaren Tarauni, inda ɗaliban aikin gona suke gwaje-gwajensu. Waken nan shi ne aikin Hamisu na shekarar ƙarshe. In bai kai kaka ba, babu sakamako, babu digiri, sai maimaita shekara. Ga shi hukumar makaranta ta ba wani ɗan kwangila, Alhaji Isyaku, filin ya gina shaguna.

Soja ba su daɗe da komawa bariki ba. A da, ɗalibi ya ɗaga kwali ya sha barkonon tsohuwa. Yanzu kuwa farar hula ke mulki, kowa yana cewa baki ya buɗe. Ɗalibai suka kafa kwamiti, Hamisu ya kafe sai Basira Gyaɗi-Gyaɗi ce za ta yi magana da yawunsu. Yarinya ce da ta tashi a hannun kakarta, ta kwaso bakin tsohuwar kaf. In ta miƙe a taro, har malamai gyara zama suke yi.

Da ta ji sunan ɗan kwangilar, sai ta ce a sa wani. Hamisu ya yi mata ca, ya ce ba a san ta da tsoro ba. Aka tashi a kan ita ce.

Haɗuwar farko a gonar aka yi. Basira, wadda ba ta raga wa kowa, ta rusuna ta gaida mutumin, muryarta can ƙasa. Ta ce ba hana gini suka zo yi ba, alfarma ɗaya suke nema, a jira su cire amfani. Alhaji Isyaku ya zuba wa wata bishiyar mangwaro ido har ta gama. Sannan ya juya wajen Hamisu.

"Ka ce wa waccan na ji."

Ya shiga mota ya tafi. Hamisu ya ji kamar ya haɗiyi zuciya. Waccan! Mutum a gabanka, a ce waccan.

Suka bi shi ofishinsa a Tarauni. Ya karɓi samarin da fara'a, ya sa aka kawo lemo, ya tambayi sunan kowa har yana maimaitawa. Da layi ya zo kan Basira sai ya tsallake. Ta sake yin roƙon, a tsare, babu kalmar da za a ce ta yi kaifi. Shi kuwa yana ta juya hularsa a gwiwa.

"Wai ba ku da wani mai magana ne?" Abin da ya ce ke nan.

A hanya Basira ta sake cewa a canja ta. Hamisu ya rantse ba za a canja ba. A ganinsa ya gama karanta mutumin: irin alhazan nan ne da suke ganin mace ba ta isa ta tsaya a gabansu ba. To, ko ita ko babu. An wuce zamanin da mai kuɗi zai zaɓa wa ɗalibai shugaba.

Bayan kwana biyu saƙo ya zo: Alhaji yana son ganin Hamisu shi kaɗai. Hamisu ya yi dariyar takaici. Ai da haka ake sayen shugabannin ɗalibai, a kira ka gefe, ka fito bakinka ya mutu. Ya ce a gaya masa yana da shugaba, sunanta Basira, in yana da magana ya kira ta da bakinsa.

Bai kira ba. Wake ya fara ɗaure 'ya'ya, Hamisu na zagaya shi kullum yana lissafin saura ƙiris.

Wata safiya katafila ta iso. Ɗalibai suka fito da kwalaye suka jeru a bakin gona, Basira a gaba. 'Yan sanda suka ture su gefe, wannan karon ba duka, ba hayaƙi, ladabin farar hula. Hamisu yana tsaye aka bi ta kan kunyoyinsa. Warin ɗanyen ganye ya cika wurin. Aikin shekara guda ya koma turɓaya yana kallo, ya ji hawaye na neman kunyata shi.

Motar Alhaji ta tsaya kusa da shi, aka sauke gilashi.

"Samari, da kai ka zo ka roƙa, da na jira kaka. Ba wani abu ba ne."

Mota ta wuce. Hamisu ya juya kan Basira.

"Kin ji ko? Wai me kika taɓa yi wa mutumin nan? Ko sunanki ba ya iya faɗa!"

"Ba zai faɗa ba," in ji ta, tana naɗe kwalinta. "Kuma ba zai taɓa cewa to a kan roƙona a gaban mutane ba, kunya ba za ta bar shi ba. Na ce ka sa wani ka ƙi. Da na faɗi dalili, da kun ce shi ya turo ni cikinku."

"Kunyar me?"

"Hamisu, ni ce 'yarsa ta fari."