Katangar da Ba Siminti

Kai da kake cewa ƙuruciyar da aka yi a ƙasar wasu asara ce, gyara zama ka ji. Akwai wata mata da ta tashi a wani ɗan ƙauye a Ingila, inda mahaifinta ya yi aikin likitan dabbobi. Ƙauye ne na tuddai, yayyafi safe da yamma, tumaki sun fi mutane yawa. Abin da ta fi tunawa shi ne maƙwabcinsu, wani tsohon makiyayi mai lofe a baki, wanda kullum yana gyaran katangar makiyayarsa. Duwatsu kawai yake jerawa, ba laka ba siminti. Tana 'yar shekara takwas takan tsuguna gefensa, yatsunta sun ƙandare don sanyi, tana miƙa masa tsakuwa. Shi ya nuna mata kowane dutse a kan biyu yake zama, manya a ƙasa, ƙanana a cusa su ciki, kuma ba a toshe 'yan kafofin da suka rage.

Bayan shekara talatin, sun daɗe da komowa ƙasar Hausa, mahaifinta ya rasu a gida, ya bar musu gona a gindin tsauni. Kowace damina ruwa ya gangaro ya kwashe ƙasar har da shuka. Yayyenta maza sun yi katangar bulo har sau biyu, ruwa ya taru a bayanta ya ture ta kamar wasa. Suka gaji, suka ce masu fasa dutse za a bar wa gonar su haƙe. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, gonar ubanta ce fa! Ta roƙi a ba ta rani ɗaya. Ta ci ɗamara, ta samu mata huɗu, suka yi ta kwaso duwatsu tana jerawa. Zo ka ga dariya. Masu wucewa har tsayawa suke yi su ce, "'Yar Ingila, rariya kike ginawa?" Ko kallonsu ba ta yi ba.

Sai ga ruwan Agusta, kwana biyu kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, gari ya fito kallon baraguzai. Ina! Katanga na nan daram. Ruwa na tsiyaya ta kafofin nan, ƙasa kuwa ta tsaya a baya, dawa tsaye shar da ita. Matan nan huɗu suka rangaɗa guɗa, ita kuwa hawayen murna kawai take sharewa da gefen mayafi. Babban wanta, wanda ya fi kowa dariya, ya zagaya katangar sau biyu, ya tura ta da ƙafa ta ƙi motsi. Sai ya naɗe hannun riga, ya tsuguna a gabanta cikin taɓo ya ce, "Ƙanwata, wanne ake fara ajiyewa?"

To ka ji. Ba banza Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilimi ba.